SULHU TSAKANIN MANOMI DA MAKIYAYI A ƘASAR DAMARGU

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya saukar da ruwan sama, Ya fitar da hatsi domin mutane da ciyawa domin bisashe. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ƴan'uwa Musulmi, darasinmu na wannan fitowa ya shafi sulhu, wato shiga tsakanin masu husuma domin a daidaita su da yardarsu. Mun zaɓi mu yi maganar a kan rigimar da ta fi yawa a gundumomin Tanut da Belbeji, rigimar gona da dabba da rijiya, domin babu liman ko mai gari a ƙasar Damargu da kaka za ta wuce ba a kawo masa irinta ba. Abin da muke so mai karatu ya riƙe shi ne wannan: sulhu na gaskiya yana farawa da bayyana haƙƙi, sa'an nan a nemi rangwame. Wanda ya fara da cewa a yi haƙuri tun ba a san mai gaskiya ba, ya rufe garwashi da toka ne, kuma iska za ta tona shi.

1. Ƙasar da muke zaune a cikinta

Damargu ƙasa ce ta kan iyaka. Daga kudu gonakin Damagaram ne, daga arewa kuma dajin kiwo ne wanda ya miƙe har Agadas da duwatsun Abzin. Garin Tanut yana kimanin kilomita 150 arewa da birnin Damagaram, a kan hanyar Agadas. Belbeji, wadda ke ƙasar Tarka, tana cikin gundumar Tanut har zuwa 2011, lokacin da aka mai da ita gunduma mai zaman kanta. A wannan ƙasa Dagirawa da Hausawa da Buzaye da Fulani suke zaune tun kaka da kakanni. Baturen nan matafiyi Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdul Karim, ya ratsa Damargu a watan Janairu na 1851, ya kuma same ta rumbun da mutanen Abzin ke awon gero a cikinsa. Ke nan ciniki da cuɗanya tsakanin mai garma da mai sanda tsohon abu ne a wurinmu. Makiyayi yana kawo nono da mai da taki, manomi yana ba da gero da kara da harawa, kuma manoma da yawa suna ba makiyaya amanar bisashensu.

To, me ya ƙara yawan husuma? Jama'a ta ƙaru, gonaki suka faɗaɗa. Farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 zuwa 1985 sun kashe dabbobi masu yawa, har makiyaya da dama suka kama noma, manoma masu hali kuma suka sayi garke. Saurar da a da ake bari ta huta, dabba ta yi kiwo a cikinta, yanzu nome take. Burtalin da garke ke bi ya ƙuntata, wani wuri ma an shuka shi. Da damina dabbobi sukan hau arewa, amma idan tafkunan can suka ƙafe da wuri, dole su gangaro kudu, alhali damman gero na zube a gona kuma wake bai gama bushewa ba. A cikin waɗannan ƴan makonni ne Shaiɗan ya fi samun kasuwa.

Kada wani ya ɗauki abin da wasa. A watan Oktoba na 1991, ana cikin Babban Taron Ƙasa a Yamai, rigimar manoma da makiyaya a Toda, cikin ƙasar Gidan Rumji ta jihar Maraɗi, ta ci rayukan mutane fiye da 100, akasarinsu mata da yara. A watan Nuwamba na 2016 an sake yin irinta a Bangi, cikin jihar Tawa, inda kusan mutum 20 suka rasu. Waɗanda aka kashe ba su ne suka yi faɗan farko ba. Ƙaramar husuma da ba a tare ta da wuri ba, ita ce ke haifar da irin wannan musiba. Allah Ya kiyaye mu.

2. Matsayin sulhu a cikin Shari'a

Alƙur'ani mai girma ya yi maganar sulhu a wurare da yawa. A Suratul Anfal, aya ta 1, Allah Ya haɗa umarnin jin tsoronSa da umarnin gyara tsakani. A Suratun Nisa'i, aya ta 114, Ya lissafa sulhunta mutane cikin ƴan abubuwan da ke sa ganawar asiri ta zama alheri. A aya ta 35 ta wannan sura Ya koyar da naɗa masu sasantawa biyu, ɗaya daga dangin miji, ɗaya daga dangin mata. A Suratul Hujurat, aya ta 9 da ta 10, Ya ɗora wa jama'ar muminai nauyin shiga tsakanin ƙungiyoyi biyu masu faɗa, Ya kuma sharɗanta cewa a yi hakan da adalci. Don haka malamai suka ce sulhunta Musulmi farilla ce ta kifaya: idan wasu suka tsaya da ita sun ɗauke wa saura, idan kowa ya naɗe hannu, laifin yana kan kowa.

Manzon Allah (S.A.W.) ya nuna haka a aikace. Tun kafin annabci, yana da shekara 35, ƙabilun Ƙuraishawa suka kusa zare takubba a kan wanda zai mayar da Hajarul Aswadi mazauninsa. Sai ya shimfiɗa mayafi, ya ɗora dutsen a kai, ya sa wakilin kowace ƙabila ya kama gefe. Kowa ya sami rabonsa na daraja, babu wanda ya koma gida da kunya. A Madina kuma, Imam Buhari ya ruwaito cewa ya tafi unguwar Banu Amru bin Aufu domin ya sulhunta su, ya daɗe a can har lokacin salla ya yi, Sayyidina Abubakar (R.A.) ya shige gaba. Mu limamai sai mu lura: Annabi da kansa ya taka zuwa wurin masu rigima, bai zauna a masallaci yana jiran su zo ba.

Haka nan jikansa Sayyidina Hasan (R.A.) ya sauka daga halifanci ya bar wa Mu'awiya (R.A.) a shekara ta 41 bayan Hijira, daidai da 661, domin ya tsare jinin Musulmi, har aka kira shekarar da sunan shekarar haɗin kai. An kuma ruwaito cewa Sayyidina Umar (R.A.) yakan umarci alƙalai su mayar da dangi masu shari'a su je su sasanta, domin yankan hukunci yakan bar ƙullaci a zukata. Wannan shi ne bambancin kotu da sulhu. Alƙali yana raba gardama, amma bayan an tashi, manomi da makiyayi rijiya ɗaya za su koma, kasuwar Bakin Birji ko ta Gangara ɗaya za su ci, sahu ɗaya za su tsaya ranar Juma'a.

3. Hukuncin ɓarnar gona

Mai sulhu ba zai iya gyara ba sai ya san hukunci. Wani abin lura shi ne, rigimar gona da garke tana cikin Alƙur'ani kansa. A Suratul Anbiya'i, aya ta 78 da ta 79, an ba da labarin Annabi Dawuda da ɗansa Annabi Sulaimanu (A.S.), lokacin da tumakin wasu mutane suka faɗa wata gona da dare. Malaman tafsiri sun bayyana cewa Annabi Dawuda ya hukunta a ba mai gona tumakin. Annabi Sulaimanu kuwa ya ga a ba mai gona tumakin na wani lokaci, ya amfana da nononsu da gashinsu, mai tumaki kuma ya yi aikin gonar har ta koma yadda take, sa'an nan kowa ya karɓi abinsa. Allah Ya yabi annabawan biyu, amma Ya ce Sulaimanu Ya fahimtar da mas'alar. Sirrin hukuncinsa shi ne an biya wanda aka yi wa ɓarna ba tare da an tsiyata wanda ya yi ta ba. Wannan shi ne ma'aunin da ya kamata kowane mai sulhu a Damargu ya riƙe.

A cikin Muwaɗɗa, Imam Malik ya ruwaito cewa taguwar Bara'u bin Azib (R.A.) ta shiga garkar wani mutum ta yi ɓarna. Sai Annabi (S.A.W.) ya hukunta cewa tsaron gona da rana yana kan masu ita, ɓarnar dare kuma tana kan masu dabba. Wannan hukunci ne Ibn Abi Zaid ya kawo a cikin Risala, wadda almajiranmu ke karantawa a zaure. Amma malaman Malikiyya sun yi ƙarin bayani wanda mutane da yawa ba su kula da shi ba. Imam Al-Baji, mai sharhin Muwaɗɗa, ya kasa wurare uku:

Na farko, wurin da gonaki da makiyaya suke cuɗe da juna. A nan ne ake aiki da rabon dare da rana.

Na biyu, wurin da gonaki ne zalla, ba wurin sakin dabba ba ne. A nan mai dabba zai biya ɓarna, ko da dare ko da rana.

Na uku, wurin da aka sani na kiwo ne, sai wani ya zo ya yi shuka a tsakiyarsa. A nan babu biya a kan mai dabba, domin mai shukar ne ya kai kansa.

Sun kuma ce, ko da rana ce, idan akwai mai kiwo tare da dabbobin, ya yi sakaci ko ya kora su kusa da shuka, to shi zai ɗauki nauyin ɓarnar. Game da ƙima kuwa, idan shukar ba ta nuna ba, ana yi mata kuɗi ne tsakanin fata da tsoro, wato a duba cewa tana iya yin kyau, tana kuma iya lalacewa da fari ko fara. Saboda haka ba daidai ba ne mai gona ya nemi kuɗin cikakken rumbu a kan geron da bai ko yi bununi ba, kamar yadda ba daidai ba ne makiyayi ya ce ai ciyawa ce kawai aka ci.

4. Hukuncin ruwa

Rigima ta biyu ita ce ta bakin rijiya, musamman da bazara, lokacin da garke da yawa ke jiran wasaki ɗaya. Abu Dawuda ya ruwaito hadisin da ya sanya ruwa da ciyawa da wuta cikin abubuwan da jama'a suka yi tarayya a kansu. Buhari da Muslim kuma sun ruwaito hanin a hana rarar ruwa domin a hana mutane ciyawar da ke kewaye da shi. Makiyayi ya fi kowa sanin ma'anar wannan: wanda ya riƙe rijiya ya riƙe dajin da ke gefenta. Hukuncin Malikiyya a rijiyar dabbobi ta daji shi ne, waɗanda suka gina ta su ne a gaba har su ƙoshi, rarar kuma ba a hana ta. Don haka mai rijiya yana da haƙƙin fifiko, baƙo mai wucewa yana da haƙƙin sha, kuma aikin mai sulhu shi ne tsara bi da bi: wa zai fara, ƙarfe nawa, kwana nawa baƙo zai yi, me zai taimaka da shi na igiya ko yasa.

A nan akwai darasi a cikin labarin Zubairu bin Awwam (R.A.) da wani mutumin Madina, waɗanda suka yi jayayya a kan ruwan ban garka. Da farko Annabi (S.A.W.) ya ba su hanyar sassauci: Zubairu ya ba shukarsa ruwa kaɗan ya sake wa maƙwabcinsa. Mutumin ya ƙi, har ya yi zargin son kai don Zubairu ɗan gwaggon Annabi ne. Sai Annabi ya bar sassaucin, ya ba Zubairu cikakken haƙƙinsa. Mun fahimci abu biyu: ana fara gabatar da sulhu kafin hukunci, kuma wanda ya raina sulhu yakan tashi da ƙasa da abin da aka miƙa masa da farko.

5. Sulhun da bai halatta ba

Tirmizi ya ruwaito cewa sulhu halal ne tsakanin Musulmi, ban da wanda ya halatta haram ko ya haramta halal. Shehu Halil a cikin Muhtasar ya nuna cewa idan an yi sulhu a kan wani abu daban da wanda ake da'awa, hukuncinsa na ciniki ne ko na ijara, idan kuma an yafe wani sashe, kyauta ce. Tunda ciniki ne, sai an kiyaye riba da jahilci. Tunda kyauta ce, sai da daɗin rai. Ga wasu misalai daga abin da ke faruwa a ƙauyukanmu:

Idan ana bin mutum tiya 40 ta gero, aka ce ya ba da dawa a madadinta bayan wata biyu, wannan bai halatta ba, domin musayar abinci da abinci sai hannu da hannu.

Idan aka ce mai bashi ya ƙara wani abu domin a ƙara masa lokaci, wannan riba ce ko da an kira ta sulhu.

Idan aka yi sulhu a kan ɗan da ke cikin akuya ko abin da gona za ta bayar baɗi, an gina shi a kan abin da ba a sani ba.

Idan aka tsare dabbar mutum ba ci ba sha har ya amince da kuɗin da ya ninka ɓarnar, ko aka tsorata talaka da yawan dangi ko sanin manya har ya bar haƙƙinsa, wannan ƙwace ne. Abin da aka karɓa ta wannan hanya haram ne, ko da an shafa fatiha a kansa.

Haka nan waliyyin maraya ba shi da ikon yafe haƙƙin maraya tabbatacce domin neman suna. Kuma Ibn Asim a cikin Tuhfatul Hukkam ya nuna cewa alƙali yana kiran mutane zuwa sulhu ne idan al'amari ya rikice, amma idan gaskiya ta bayyana ba ya karkatar da su, sai in yana tsoron fitina ko yankewar zumunta.

6. Abin da dokar ƙasa ta tanada

Wajibi ne malami ya san dokar ƙasarsa, domin kada ya ƙulla abin da za a kwance gobe. Doka mai lamba 61-05 ta ranar 26 ga Mayu 1961 ta shata iyakar noma ta arewa, kuma wannan iyaka ta ratsa ta yankinmu. Arewa da ita ƙasar kiwo ce, kuma dokar ba ta tanadi diyya ga ɓarnar gonar da aka buɗe a can ba. Mai karatu zai ga yadda wannan ya yi daidai da kashi na uku na Imam Al-Baji. Sai dai gonaki sun daɗe da ƙetare wannan layi a wurare da dama, har an haifi ƴaƴa da jikoki a kansu. Takarda tana faɗin abu ɗaya, ƙasa tana nuna wani. Irin wannan wuri ya fi ko'ina bukatar sulhu, domin hukunci tsantsa zai bar ɗayan biyun babu abin yi.

Dokar karkara mai lamba 93-015 ta ranar 2 ga Maris 1993 ta wajabta a fara gwada sulhu a gaban sarakunan gargajiya kafin a kai rigimar ƙasa kotu, kuma a rubuta sakamakon a takarda, ko an daidaita ko ba a daidaita ba. Ita ce kuma ta kafa hukumomin kula da filaye, waɗanda jama'a ke kira Kofo, na gunduma da na ƙaramar hukuma da na ƙauye. Aikinsu ya haɗa da rubuta takardun gona da shata burtali da makiyaya. Dokar kiwo mai lamba 2010-029 ta ranar 20 ga Mayu 2010 ta tabbatar da cewa yawon kiwo haƙƙi ne na makiyayi, ta kuma sake tabbatar da iyakar 1961. A shekarar 2013 aka fitar da ƙa'idar kwamitocin sasantawa, waɗanda ake zama a cikinsu da wakilan manoma da na makiyaya daidai wa daida. Ranar sakin gonaki kuwa hukuma ce ke sanar da ita kowace shekara bayan shawara da wakilan ɓangarorin biyu.

Ke nan liman ba ya maye gurbin mai gari ko ardo ko hakimi. Yana zama tare da su ne, ya tunatar da su Allah, ya bayyana hukunci, ya tausasa zukata. Kuma idan an zubar da jini ko an yi rauni, wannan ya wuce zauren mai gari: sai an sanar da hukuma. Sulhu tsakanin dangi yana zuwa ne domin ya hana ramuwa, ba domin ya ɓoye mai laifi ba.

7. Yadda mai sulhu zai yi aikinsa

Na ɗaya, gaggawa. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A je ranar da abin ya faru, tun sawun dabba bai goge ba, tun labari bai kai kasuwa an ƙara masa gishiri ba.

Na biyu, a raba matasa da makamai, a kai dabbobin wurin amintacce, a ba su ruwa da abinci. Dabba ba ta da laifi, kuma azabtar da ita zunubi ne.

Na uku, a saurari kowa shi kaɗai, da harshen da ya fi iyawa. Idan ana bukatar tafinta na Fulatanci ko na Buzanci, a samo wanda ɓangarorin biyu suka yarda da shi. Mutum da yawa yana rasa gaskiyarsa ne don bai iya faɗinta da Hausa ba.

Na huɗu, a taka zuwa gonar. Gani ya kori ji. A tafi da dattijo daga manoma da dattijo daga makiyaya, a auna wurin da aka ci, a duba ko gonar ta shiga burtali, a tantance dare ne ko rana, ganganci ne ko kuɓucewa.

Na biyar, a faɗi haƙƙi a fili a gaban shaidu, a ce ɓarnar ta kai kaza, kuma tana kan wane.

Na shida, sai a nemi rangwame. Wannan ita ce hanyar Annabi (S.A.W.) lokacin da Ka'abu bin Malik (R.A.) ya matsa wa Ibn Abi Hadrad a kan bashi a cikin masallaci. Bashin tabbatacce ne, babu mai musunsa. Annabi ya yi wa Ka'abu nuni ya yafe rabi, ya yarda, sa'an nan ya umarci ɗayan ya tashi ya biya sauran nan take. Mai haƙƙi ya sami lada, wanda ake bi ya sami sauƙi. Haka mai sulhu zai ce wa mai gona: "Baba, kowa ya ji dami goma ne haƙƙinka, babu mai tauye maka. Muna roƙon ka don Allah ka dubi halin wannan bawan Allah." Ya juya ya ce wa mai garke: "Baffa, yaronka ne ya yi barci, ka ba dattijon nan haƙuri da bakinka, ka biya abin da ya rage kafin kasuwa mai zuwa." Mutumin da aka tabbatar masa da gaskiyarsa a bainar jama'a yakan yafe fiye da yadda ake zato. Wanda aka ce masa ya yi shiru tun farko, shi ne ke wasa adda da dare.

Na bakwai, mai sulhu ya zama mai kai alheri, ya binne mummunar magana. Hadisin Ummu Kulsum ƴar Uƙba (R.A.) ya nuna cewa wanda ya yi haka domin gyara tsakani ba a lissafa shi cikin maƙaryata. Amma wannan rangwame bai kai ga ɓoye haƙƙin wani ko shaidar zur ba.

Na takwas, a rubuta. A sa sunaye da adadi da ranar biya da shaidu, kowa ya riƙe kwafinsa. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka.

Na tara, mai sulhu ya tsare hannunsa. Wanda ke da kaso a cikin tara, ko yake karɓar rago a ɓoye, ba zai so rigima ta ƙare ba. Haka nan wanda ke ganin kowane Bafillace maɓarnaci ne, ko kowane manomi mai cin burtali ne, ya janye jikinsa, domin ya riga ya yanke hukunci kafin ya ji.

8. Kira ga jama'a

Ya ƴan'uwa, rigakafi ya fi magani. Muna kira ga limaman Tanut da Gangara da Olelewa da Falanko da Tenhiya da Tarka su keɓe huɗuba biyu a shekara ga wannan al'amari, ɗaya kafin shuka, ɗaya kafin girbi. Kafin shuka a ja kunnen manoma cewa cin burtali da toshe hanyar mashaya zalunci ne, kuma hadisi ingantacce ya yi gargaɗi mai tsanani a kan ƙwace ko da taƙi ɗaya na ƙasa. Kafin girbi a ja kunnen makiyaya cewa sakin garke a hannun ƙananan yara kusa da gonaki sakaci ne, kuma dabbar da ta yi ƙiba da gumin wani ba ta da albarka. A sanar da ranar sakin gonaki a masallatai da kasuwanni da gidajen rediyon karkara, domin kada wani ya fake da rashin ji.

Kada kuma mu yar da abin da muka gada. Wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari, da sauran wasannin taubasantaka na ƙasar nan, waɗanda hukumar UNESCO ta sa cikin gadon al'adun duniya a 2014, sun sha kashe wutar da wa'azi bai kai gare ta ba, muddin ba a shigar da ƙarya ko cin mutunci ba. Ƙasarmu ma kanta ta ɗanɗani amfanin masu shiga tsakani: yarjejeniyar ranar 24 ga Afrilu 1995 tsakanin gwamnati da ƴan tawayen arewa an ƙulla ta ne da taimakon Aljeriya da Burkina Faso da Faransa. Idan masu bindiga sun iya zama a tabarma ɗaya, ina ga maƙwabta biyu a kan dami goma?

Harshe da haƙori ma sukan saɓa, don haka ba za a rasa husuma ba matuƙar ana zaman tare. Abin da ake nema a gare mu shi ne kowane ƙauye da kowace ruga su san mutanen da za a ruga wurinsu tun kafin a ruga wurin makami, mutanen da suka san hukunci, suke faɗin gaskiya, sa'an nan su roƙi afuwa.

Allah Ya gyara tsakaninmu, Ya haɗa zukatanmu a kan alheri, Ya ba mu damina mai albarka da kaka ta lafiya, Ya sa albarka a rumbunanmu da garkunanmu. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.